Daga Bakin Rumfa: Hedifon Ko Iyafis, Wanne Ya Fi Daɗin Sauti?

 

Ranar Talatar da ta wuce gardama ta kaure a bakin rumfata da ke Circle, nan Akra. Wani Alhaji mai kawo albasa daga Galmi, tsohon abokin cinikina, ya zo neman abin da zai riƙa sa wa a kunne in ya hau mota, don tafiyarsa ta kwana da kwanaki ce, ga rurin inji ba dare ba rana. Ɗan yayana da ke taya ni tsaron rumfa ya yi wuf ya sauko da wani ƙaton hedifon, ya ce, "Baba Alhaji, ga sarkinsu nan. In ka ɗora wannan, sai ka rantse makaɗan na gabanka." Alhaji ya juya abin a hannu, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, a kan hular zan ɗora shi ko a ƙarƙashinta?" Aka kwashe da dariya. Shi dai yaron bai saki ba, ya dage cewa ƙaramin iyafis ba zai taɓa kamo ƙafar babba ba, wai ina aka taɓa haɗa kurya da ganga?

Wannan tambaya kusan kullum sai an yi mini ita. Shekaruna sun fi goma ina sayar da kayan waya, na kuma sa ɗaruruwansu a kunne, na banza da na kirki. Don haka yau na ce bari mu zauna mu baje ta a faifai.

Da farko mu raba su, don a kasuwa duk iyafis ake ce musu. Iri uku ne. Akwai babba mai baka da ke ratsa tsakar kai, da faifai biyu masu rufe kunne ruf, shi ne hedifon. Akwai ƙarami mai robar baki mai laushi da ake cusawa cikin ramin kunne ya toshe shi. Sai na uku, mai kan roba mai tauri, wanda ake ratayawa a bakin kunne kawai, irin wanda a da ake samu a kwalin sabuwar waya. Gardamar yau tsakanin na farko da na biyu ce. Amma ku riƙe na ukun a zuciya, zan dawo kansa, domin shi ne ya ja mini abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da ke cikin yawancinsu ɗaya ne: 'yar lasifika ce, mai maganaɗisu da siririyar wayar tagulla da aka naɗe, da wani falle mai kama da leda. In wuta ta bi ta wayar, fallen ya girgiza, ya tura iska, iskar ta bugi dodon kunne. Ta hedifon yawanci faɗinta milimita 40 zuwa 50 ne, ta iyafis kuwa ba ta cika wuce milimita 10 ko kusa da haka ba. Wanda ya ji wannan zai ce yarona ya yi gaskiya, babba ya fi kauri. To, ba nan gizo ke saƙar ba. Babbar lasifikar aikin da ke gabanta babba ne, sai ta motsa duk iskar da ke cikin faifan nan. Ƙaramar kuwa iskar ramin kunne kaɗai aka ba ta, ramin da tsawonsa bai wuce santimita 2 da rabi ba. In robar ta toshe ramin sosai, iska ba ta da wajen fita, to wallahi kaurin da za ka ji sai ya ba ka mamaki.

Sharaɗin dai shi ne toshewar. Mutum tara cikin goma da suka dawo mini da iyafis suna cewa sautinsa siriri ne kamar na gwangwani, ba iyafis ɗin ba ne, robar ce ba ta dace da kunnensu ba. A cikin kwalin akan sa robobi iri uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma mutanenmu sai su yar da su tare da kwalin. Ga gwaji mai sauƙi: sa iyafis ɗin, kunna kiɗa, sannan ka ɗan danna shi ciki da yatsa. In kauri ya ƙaru nan take, ka sake ya gudu, robar ta yi maka kaɗan. Kuma kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so matsakaiciya na hagu ya so ƙarama, ba kowa ne ramukansa biyu suka zo daidai ba. Shi ma hedifon yana da irin wannan matsala. Ƙafar tabarau, ko bakin hula, ko ɗankwali in ya shiga tsakanin soson da fata, ya buɗe kafa, kaurin ya zube. Kun ga ashe tambayar Alhaji ba ta wasa ba ce.

Inda hedifon ya yi zarra, wanda ba na musu a kai, shi ne fili. Wannan lanƙwashe-lanƙwashen da ke fatar kunnenmu ta waje ba ado ba ne, su ne ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta gane daga ina sauti ya taso, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Sautin hedifon yana bi ta kansu kafin ya shiga, shi ya sa kake jin kamar akwai ɗan tazara tsakaninka da makaɗan. Iyafis kuwa tsallake su yake yi, ya zuba maka sautin kai tsaye, sai ka ji kamar a tsakiyar kanka ake kiɗan. Akwai ma wani nau'in hedifon mai raga a bayansa, wanda iska ke ratsawa. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da shi a 1968. Wannan ya fi kowanne fili da sakewa, amma duk wanda ke kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk hayaniyar duniya. Na cikin ɗaki ne, ba na kasuwa ba.

Na gwada da kaina, ba sau ɗaya ba. Da dare a gida, a Nima, bayan yara sun kwanta, na sa wata sabuwar waƙa mai kalangu da aka ɗauka a situdiyo. Da hedifon na kirki ina iya nuna maka da yatsa inda mai kalangu yake da inda 'yan amshi suke, kuma na yi awa biyu ban gaji ba. Da iyafis, kalangun ya fi matsowa, ina jin duk matsi da sakin tsirkiya tar, amma kowa a cunkushe yake wuri ɗaya. A wannan zagaye na ba hedifon.

Washegari da azahar na maimaita a bakin rumfa. Ga masu tallar waya suna ihu, ga hon ɗin turoturo, ga lasifikar maƙwabcina. Hedifon ɗin nan da ya burge ni jiya sai ya zama kamar ana magana a bayan katanga, dole na yi ta ƙara murya. Iyafis kuwa ina cusa shi kasuwar ta ja baya, na ji waƙata ba tare da na kai maɓallin ko rabi ba. Dama don irin wannan wuri aka ƙirƙiro shi. Makaɗan manyan dandamali ne suka yayata shi, don su riƙa jin kansu a tsakiyar ƙarar lasifikoki da ihun 'yan kallo. Sanannen labari ne cewa a 1995 wani injiniyan sauti, Jerry Harvey, ya ƙera wa mai gangar ƙungiyar Van Halen ta Amurka irinsa daidai kunnensa, daga nan sana'ar ta bunƙasa. Kasuwarmu da cikin motar Alhaji kuwa ai ba su da maraba da dandamalin nan wajen hayaniya.

Wani zai ce, ai akwai hedifon mai kashe ƙara. Gaskiya ne. Yana da 'yar makirufo da ke sauraron ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta su kashe juna. Kamfanin Bose ya fara sayar wa matuƙa jirgin sama irinsa a 1989. Yana aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya, kamar rurin inji ko janareta. Amma muryar mutane da hon ba ya iya musu sosai, ga shi sai da caji, ga na kirkinsa da tsada. Na arahar da ake rubuta wa haka a kwali, da yawansu sunan ne kawai.

Akwai kuma wata gaskiya da mu 'yan kasuwa ba mu cika faɗa wa mai saye ba. Me kake saurare? Yawancinmu labaran rediyo ne, da saƙon murya na WhatsApp daga gida, da wa'azi ko karatu da aka ɗauka da waya, da tsofaffin waƙoƙin su Shata da aka kwafo daga kaset. Irin waɗannan galibi ba su da rabon dama da hagu, abin da kunnen dama ya ji shi na hagu ke ji, kuma an matse su don kada su ci data. Filin da ake yabon hedifon da shi ba shi da wani aiki a nan. Hasali ma mai tsada tona asirin ɗaukar yake yi, ya fito maka da duk shuuu ɗin kaset ɗin. Ga mai sauraron magana, abin nema shi ne murya ta fito fes, ba kaurin da ke binne ta ba.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne namu. In kuɗinka kaɗan ne, iyafis ya fi ba ka sauti a kan kowane sidi ko sefa da ka kashe. Dalili a fili yake: hedifon na buƙatar baka da soso da faifai da maɗauri, in an ce a yi shi da araha, to lasifikar ce ke shan wahala. Iyafis kuwa kusan duk kuɗin a lasifikar yake tafiya. 'Yan shekarun nan masana'antun Caina irin su KZ da Moondrop sun fito da masu waya, masu sauƙin kuɗi, da sautinsu ke kunyata manyan hedifon da suka ninka su tsada. Wasunsu ma wayar cirewa ake yi, in ta tsinke ka sayi wata. 'Yan'uwa masu zuwa sari Guangzhou da Shenzhen, ku riƙa tambayarsu. Amma a yi hattara da jabu. Na taɓa sarin katan guda na wani ƙaton hedifon, kwali mai ƙyalli, a hannu ga nauyi. Da suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya na fasa guda, sai ga 'yar lasifika kamar kwabo, an manna guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi. Asarar da na tafka a wannan katan har yau uwargida na tuna mini. Araha ba ta ado, amma nauyi da ƙyalli ma ba shaida ba ne.

Abu biyu kuma a duba kafin a biya. A jikin kwali akwai lambar da aka rubuta ohm a gefenta. In 16 ce ko 32, kowace waya za ta iya tuƙa shi. In ka ga 250 ko 300, na situdiyo ne, sai da na'urar ƙara ƙarfi, in ka sa a waya za ka ji shi sanyi-sanyi ka ce an cuce ka. Na biyu, Bluetooth. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin suka bi sahu, mara waya ya cika kasuwa. Yana da daɗin sha'ani, amma sai an matse sautin kafin a tura shi, batirinsa kuma ƙarewa yake yi da shekaru, ba a cika iya canza shi ba. Wajen kira kuwa, mai waya da makirufo ke rataye kusa da baki ya fi isar da murya a cikin hayaniya. In tsohuwarka a gida tana yawan cewa "ba na jin ka, ɗaga murya", gwada mai waya ka gani.

Kada a manta da zafi. Mafi yawan hedifon an lulluɓe sosonsa da fatar roba, minti talatin a ranar Akra ko Duwala kunne ya jiƙe sharkaf, damina ɗaya ko biyu fatar ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a wuya. Iyafis ba ya haka, amma shi ma da nasa: wasu ba sa jure abu a ramin kunne, kana jin muryarka da taunarka suna amsa kuwwa a kai, sannan dattin kunne na toshe 'yar ragar bakinsa. In gefe ɗaya ya rage ƙara, kafin ka zagi mai rumfa cire robar ka share ragar da busasshen buroshi. Sau da yawa shi ke nan.

Yanzu bari in dawo kan na ukun nan.

Ɗana na biyu shekararsa 16. Kullum sai ya hau turoturo zuwa makaranta ya dawo, kunnensa da iyafis, irin mai tauri da ake ratayawa. Ni na ɗauko masa daga rumfata. Bara uwarsa ta fara ƙorafi, wai yaron nan ya koyi raini, sai ta kira shi sau uku kafin ya amsa, talabijin kuma in yana wurin sai an ƙure. Na yi masa faɗa, har na yi barazanar karɓe wayar. Wani dare yana kwance ya ce mini, "Baba, kai ma kana jin kukan gyaren nan?" Na kasa kunne, ɗakin tsit. Ya ce shi kam ya fi wata yana jin sa, ko ina ya je.

Na kai shi asibiti. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa hedifon, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya danna maɓalli. Likitar ta nuna mini takardar, ta ce jinsa na siraran sautuka ya fara raguwa. Ta yi mini bayani cewa a can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti, ƙara mai yawa na kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ta ce an yi sa'a an zo da wuri, abin da ya rage a tsare shi. Sannan ta tambaye ni, "Alhaji, wace sana'a kake yi?" Jama'a, ban taɓa jin nauyin faɗin sana'ata ba sai ran nan.

Abin da ya faru a fili yake. Wancan iri ba ya toshe komai, hayaniyar mota na shiga, shi kuma yaro sai ya ƙure maɓalli don ya rinjaye ta, awa biyu ko uku kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yara kuma desibel 75. In ta kai 90, awa 4 ne kacal a mako. In ta kai 100, abin bai fi minti 20 ba. Wayoyi da yawa in an ƙure su suna kaiwa nan har su wuce. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, shawararta kuma kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin maɓallin.

Mutane na cewa mai shiga ciki ya fi kashe kunne don ya fi kusa da dodon kunne. Ba kusancin ne ke yin ɓarnar ba, ƙarfin da ya isa ciki ne da tsawon lokacin da ya ɗauka. Wanda ya toshe hayaniya ya ba ka damar rage murya, shi ne abokin kunnenka, in har ka rage ɗin. In ka toshe kuma ka ƙure, to ka haɗa wa kanka biyu. Sai dai a kula, toshewar nan a kan titi haɗari ce. Mai tuƙa babur, ko mai tura kura, ko yarinyar da aka aika tsallaken titi, su cire, ko su bar kunne ɗaya a buɗe.

Tun daga lokacin na canza yadda nake ciniki. Na daina ba kowa iyafis ɗaya ya gwada, don cutar kunne na bin roba, na ajiye robobin gwaji daban ina goge su da sifirit. In uba ya zo saya wa yaro, sai na karɓi wayar na nuna masa inda rabin maɓallin yake, na ce masa in yana zaune kusa da yaron yana jin kiɗan, ya yi yawa. Wasu na ganin kamar ina kashe wa kaina kasuwa. Ni kuwa na ga wanda ka faɗa wa gaskiya shi ne ke dawowa, har ya jawo maka wani.

To wanne ya fi? In kana da ɗaki mai shiru, da kuɗin sayen na kirki, kuma kiɗa kake so ka zauna ka ji daɗinsa, hedifon ya fi fili, ya fi sakewa. In rayuwarka irin tamu ce, kasuwa da tasha da doguwar mota, kuɗin kuma a ƙirge, iyafis mai roba da ya dace da kunnenka zai ba ka sauti mai kyau fiye da ƙaton da ya yi daidai da shi a farashi. Na ukun kuwa a bar shi a cikin gida, inda babu hayaniyar da za a yi takara da ita.

Alhaji dai ya tafi da mai waya, matsakaiciyar roba a dama, ƙarama a hagu, hularsa na nan daram. Ya kira ni daga Tamale ya ce ya ji labaran safe tsaf ba tare da ya kai rabi ba. Ɗan yayana bai yarda an kayar da shi ba, ya ce in an koma gida da dare nasa ne sarki, kuma a nan ban ƙaryata shi ba. Ɗana kuwa gyarensa ya ragu amma bai tafi duka ba, uwarsa ta daina ce masa mai raini, ni ma na nemi afuwarsa a kan faɗan da na yi masa. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. A daren yau, kowa ya karɓi wayar ɗansa ya duba inda maɓallin ƙara ya tsaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana iyali.